Abawarki Ta Kusa Ƙarewa, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ɗiya ga uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahama, Ya yalwata miki makwanci, Ya haskaka shi. Idan kin tambayi mutanen gida, kowa yana nan. Malam yana ta fama da mota. Takwararki Ummi ta yi baki har ta fara tsiwa. Angonki kuma ya yi tsawo, wandon da kika saya masa da sallar ƙarshe ya ɗage masa har ƙwauri. Ni ce dai ban san abin da zan ce miki game da kaina ba. A makaranta an koya mana mu rubuta muna nan lafiya kafin mu shiga magana, ni ma haka nake koya wa yara, amma ban saba yi miki ƙarya kina da rai ba, ba kuwa zan fara yanzu ba.

Na san ba ki karanta boko, na kuma san inda kike ba a kai saƙo. A waya nake rubuta wannan, zan sa shi a shafina mutane su gani. Za su ce in yi haƙuri, wasu su turo mini kwatancen wani mai magani a bayan Musawa. Na gode musu tun yanzu. Amma da ke nake.

Inna, barci nake ji. Abin da ya kawo ni wurinki ke nan. Tun da kika tafi, ga shi har auduga ta sake fashewa a gonakin Dayi, ban kwanta na yi barci irin na mutane ba sai dare guda, kuma wannan daren shi ne ya fi komai ci mini rai. Zan gaya miki, amma bari in faro daga inda kika sani.

Ke kika zo Malumfashi da kanki kika ɗauki yaron nan, angonki, ranar yaye, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Kika goya shi, kika ce kin samu sabon miji tun da tsohon ya tafi ya bar ki. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa ina wasa da gefen mayafi, don kunya ba ta bari in nuna na damu. Ko sunansa ba na kira. Ke ma ba ki taɓa kiran nawa ba, tun da ni ce ta farinki. "Yarinyar nan" kike ce mini har na yi aure, da na fara koyarwa kika mayar da ni Malama, kina faɗa kina taɓe baki.

Yana da shekara biyar farfaɗiya ta fara kama shi. Ina can ranar, a tsakar gidanki, ana sussukar dawa. Ya sandare ya faɗi, jikinsa ya kama jijjiga, kumfa ta fito masa a baki. Matan da ke sussuka suka watse har da masu barin takalmi, kowa na jan ɗanta, wai kada yawunsa ya taɓa su su ɗauka. Ni kaina tsayawa na yi ina kallo. Ke kika durƙusa kika juya shi gefe, kika goge masa baki da bakin zaninki, kika ɗaga kai kika dube su kika ce, "Yawun jikana ne. In yana kisa, ya fara da ni."

Mun kai shi asibiti a Funtua. Likita ya ce ba iska ba ce, ba a kuma ɗauka ta yawu, ya rubuta ƙwayoyin da za a riƙa ba shi safe da dare ba fashi. Maganin ya yi aiki rabi. Faɗuwar rana ta yi sauƙi ƙwarai, sai ciwon ya koma zuwa masa cikin barci, yawanci gab da asuba. Likita ya ce abin tsoro shi ne ya kife fuskarsa a matashi babu wanda ya sani.

Nan ne kika ɗauko abawarki, zaren audugar nan da kika kaɗa da hannunki. Ke kaɗai kika rage a unguwarku mai kaɗi, kowa yana kai audugarsa kamfani a auna, ke kina ware taki kina shiɓa, kina zaune da mazari da alli a yatsu kamar ba a ƙirƙiro yadin kanti ba. Mun sha yi miki dariya. Kika yanki zaren mai kauri mai laushi, kika ɗaura bakinsa ɗaya a wuyan hannunsa, ɗayan a naki. Da jikinsa ya fara fizga, zaren ya ja ki, kin tashi. Da na ce za ki wahala, sai kika ce, "Tsohuwa ba ta barci, gyangyaɗi take yi a kwance. Ki koma ɗakinki ki bar ni da angona."

Na kuwa koma. Ranar Juma'a in an tashi makaranta nakan hau mota in kawo maganinsa, in kwana a ɗakin da ke kusa da naki, in yi barci har rana ta taɓa ni. Na ɗauka gaskiya kika faɗa, tsofaffi ba su da buƙatar barci.

Da aka yi addu'ar bakwai ɗinki aka zauna rabon 'yan kayanki, an ɗan ja magana a kan kwanuka da awaki biyun nan. Abu biyu ne babu wanda ya yi jayayya da ni a kansu: yaron, da dunƙulen abawar da ke cikin taskirarki. Na ɗauko su na dawo Malumfashi.

Ban san zare yana da surutu haka ba, Inna. Ya juya, zare ya ja. Sauro ya cije shi ya sosa, zare ya ja. Ya miƙe ƙafa, ya yi mafarki, ya gyara hannu, duk zare sai ya gaya mini. Kowane ja kuma sai in zabura in laluɓo tocila, in haska fuskarsa in tarar barcinsa yake yi baki buɗe. In koma in kwanta, kafin ƙirjina ya lafa an sake ja. Sau da yawa ba komai ba ne. Amma ranar da ya zama wani abu ne, ba ya sanarwa, daidai yake da sauran. Don haka ba wanda zan iya ƙyalewa.

Malam ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kada ki ga laifinsa. Shi ya ce mu raba dare, ya karɓi zaren daga tsakiya zuwa asuba. Mun yi haka har kaka ta shigo, lokacin da aiki ya fi yi masa yawa, yana jigilar masara da a-kori-kurarsa daga Dandume zuwa Funtua. Wata rana da hantsi, kusa da Mahuta, barci ya sace shi a kan sitiyari. Ya ce shi dai ya ga titi, sai ya ga kansa a cikin gonar wani, buhuna a warwatse. Allah Ya kiyaye babu kowa a gefen hanya, ya tsira da targaɗe da tsagewar goshi. Da aka kawo shi gida, a daren na kwance zaren daga hannunsa, na ce ba zan iya jinyar ɗa in kuma yi takaba ba. Yanzu a ɗakin zaure yake kwana. Wai kwana. Ina jin tarinsa, ina jin takunsa ya zo bakin ƙofarmu ya tsaya yana saurare, ya koma.

Ni kuma ga yadda na zama. Na zuba gishiri a koko na miƙa wa yara. Ina sallah in rasa ko raka'a ta nawa nake, in yi ta sujadar mantuwa har ita ma in manta ko na yi. Rannan ina rubutu a allo a aji uku, na jingina goshina da allon don in ɗan huta, ban san inda nake ba sai da allin ya faɗi daga hannuna. Na juyo na ga yara sun yi tsit suna kallona, ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Hedimasta ya kira ni ya yi mini magana a hankali, irin maganar da ake yi wa mutum sau ɗaya. Ummi kuwa ta ja mini zani tana son in ɗauke ta, na daka mata tsawar da ta sa ta fitsari a tsaye. Takwararki, Inna. Na zauna a ƙasa na rungume ta muka yi ta kuka tare.

Na nemi taimako, kada ki ce girman kai ne. Na kira ƙanwata Asabe daga Musawa. Ta zo da kayan tsaraba da fara'arta, ta share gida, ta yi mana tuwo. Amma na lura ta ware wa yaron kofinsa ta ɗaura masa tsumma a mariƙi don kada ya haɗu da na 'ya'yanta. Da dare ya yi na miƙa mata zaren, ta dube shi kamar na miƙa mata maciji. Ta ce tana da goyo, kuma mijinta ya ja mata kunne. Na gaya mata abin da likita ya ce, na tuna mata ke da kika yi shekara da shekaru kina goge masa baki da hannunki ba abin da ya same ki. Ta ce ai Inna daban ce. Kwana biyu ta yi ta koma. Ban yi fushi da ita ba. To, na yi, amma ya wuce.

Maman Iliya ce kaɗai, maƙwabciyarmu mai injin markaɗe, wadda kike tsokana kina cewa cocinsu ya cika ganga. Ita ba ta gudun yawunsa. Wata Lahadi da ta dawo daga coci ta shigo ta ja shi gidanta, ta ce in rufe ƙofa in kwanta har la'asar, ko gobara aka yi ba ruwana. Na rufe ƙofa, na kwanta. Inna, barcin ya ƙi zuwa. Hannuna babu zare, sai nake jin kamar ana ja. Na tashi na leƙa ta katanga ya fi a ƙirga. Da la'asar ta kawo shi tana tambaya ko na huta, na ce mata sosai. Da dare kuwa ba zan iya roƙonta ba, tana da nata gidan, kuma tun kafin gari ya waye mata suke yi mata layi da bokitan wake.

Da muka koma asibiti likita ya dube ni ya bar duban yaron. Ya ce Malama, ke ma mara lafiya ce. Ya rubuta mini ƙwayar barci. Na karɓa na yi godiya, tana nan a ƙasan akwati ko ɓare ta ban yi ba. Wa zai ji zaren in na sha? Ya kuma ƙara jaddada mini abin da na riga na sani, cewa yaron ya riƙa samun isasshen barci, don rashin barci yana tayar masa da ciwon. Duk wannan a gabansa aka yi. Yana zaune a kan benci yana kaɗa ƙafa, na ɗauka hankalinsa na kan hoton da ke bango.

Bayan 'yan kwanaki sai ga daren da na ce zan ba ki labari. Na ɗaura mana zare kamar kullum, na yi addu'a na shafa masa. Na kwanta ina jiran ja na farko, shiru. Ina jiran na biyu, sai kawai na buɗe ido na ga haske ta ƙasan ƙofa, kaji na kuka, har an fito masallaci. Jikina sakayau, kaina wasai. Wallahi Inna murmushi na yi. Na ce alhamdu lillahi, yau ciwon ya bar mu mun kwana. Na ɗan ja zaren don in tsokane shi, sai na ji ya ƙi biyowa.

Na bi shi da hannu. A ƙafar gado yake ɗaure, da irin ɗaurin da yara ke yi wa akuyar wasa. Shi kuma yana ƙasa a gefen katifa, rabin fuskarsa a kan tabarma, wandonsa jiƙe, jini ya bushe a gefen bakinsa inda ya ciji harshe. Ciwon ya zo ya yi abin da zai yi ya tafi, ina nan kwance kusa da shi ina barcina mai daɗi.

Ranar na kira sunansa. Ni da ban taɓa furta shi ba ko a ɗaki, na yi ta kiran Nasiru, Nasiru, har Malam ya banko ƙofa, har Maman Iliya ta shigo ba ɗankwali. Yana numfashi. Allah ne kawai Ya sa hancinsa yana waje. Da ya dawo hayyacinsa wajen hantsi, na tambaye shi wa ya kwance zaren. Harshensa a kumbure, da ƙyar maganar ta fito. Ya ce, "Umma, likita ya ce ba ki da lafiya. Na ga kin gaji ne."

Ban doke shi ba, ban kuma iya rungumarsa ba a lokacin. Na fita bayan ɗaki na toshe bakina da zani. A nan ne na yi tunanin da nake ta istigfari a kansa har yau. Na tuna ki a kwance can Dayi ƙarƙashin itatuwan nan, babu mai tashin ki, na ji ina ma ni ce. Ba mutuwar nake so ba, Allah Ya sani, kwanciyar nake so. Na gaya wa Malam, ya kama hannuna ya riƙe, hawaye na bin gemunsa.

Tun daga ranar na daina yin ɗaurin da ake zarewa. Ƙulli nake yi masa a kan ƙulli, wanda yatsunsa ba za su iya ba, nawa ma ba sa iyawa. Kullum da safe sai na sa reza na yanke. Kowace safiya kuma abawar tana raguwa. Dunƙulen da na ɗauko ya kai girman gwanda, yanzu bai fi ƙwan zabo ba. Na gwada igiyar leda ta kasuwa, ta yanka masa fata. Na gwada tsumman atamfa, yana saki, ba ya kawo motsi da wuri. Na ɗauko mazarinki na sayi auduga na zauna, abin da na kaɗa ko kaza ba zai riƙe ba, da an ja ya tsinke. Na aika Dayi a tambaya ko akwai sauran mai kaɗi, aka ce wadda ta rage idonta ya tafi. Don in yi tattali sai na riƙa rage tsawon zaren, yanzu har numfashinsa ina ji a kafaɗata.

Amma ba ƙarewar abawar ce ta fi tayar mini da hankali ba. Ya gane duk motsinsa yana tashina, sai ya daina motsi. Yaro ɗan shekara tara ya kwanta a sandare, hannu a miƙe, sauro na cizonsa ba ya sosawa, yana hana kansa barci don kada ya juya cikin barcin ya ja ni. Ina gane shi ta numfashi, na mai barci daban ne. Ni kuma in rufe ido in lafe don ya ɗauka na yi barci ya saki jikinsa. Haka muke kwana, mu biyu, kowa yana yi wa ɗan'uwansa ƙaryar barci. Rashin barcin nan kuwa shi ne abin da likita ya ce yana tayar da ciwon. A makon nan ya tashi har sau biyu. Na rasa ta inda zan ɓullo, Inna. In na yi barci zan rasa shi, in ban yi ba shi ma ba zai yi ba.

Shekaranjiya ina wanke-wanke sai minsharinki ya faɗo mini a rai. Kin tuna yadda muke tsokanarki ni da Asabe, muna cewa tsufa ya mayar da ke injin Maman Iliya? Daga ɗakin da nake kwana a Dayi ina jin ki, da kin kashe fitila ko juyi ba ki gama ba kin fara. Sai kuma can ya ɗauke ɗif, ba a sake ji har asuba. Na tsaya da kwano a hannu ina lissafi. Duk tasowarmu a ɗaki ɗaya muke kwana da ke, ban taɓa jin kin yi minshari ba. Sai bayan da abawar nan ta shiga tsakaninki da shi. Ashe ke ma ya yi miki wannan sandarewar. Ashe yi kike yi don ya ji ya saki jiki, in ya yi barci ki yi shiru ki ci gaba da gadinki. Kika bar mu muna yi miki dariya, ba ki taɓa cewa uffan ba.

Jiya na gwada. Na ɗaura mana zare, na kashe tocila, na ɗan jira, sannan na fara ja da hanci yadda nake tuna naki. Na yi ta yi har maƙogwarona ya bushe. Can sai na ji muryarsa a cikin duhu, a hankali, ya ce, "Umma, ba haka Inna take yi ba."

Ya sani, Inna. Duk shekarun nan ya sani, yana ƙyale ki ne don kada ki ji kunya. Na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai duka biyun suka zo mini tare, shi ma ya kama dariya har gadon na motsi. Na ce to ya koya mini. Ya gwada mini naki, da ɗan fito a ƙarshe kamar butar shayi, na maimaita, ya ce na kusa. Muna cikin haka ya juya ya ba ni baya, zaren ya ja hannuna, na daure ban zabura ba. Ba a jima ba numfashinsa ya sauka, na gaskiya. Ya yi barci har gari ya waye, ciwon bai zo ba. Ni ce dai na ga fitowar alfijir da idona kamar kullum, kuma da safe na sake yanke wani guntun daga abawarki.

Ya Allah Ka jiƙan Inna, Ka saka mata da barcin da ta hana idonta saboda ɗana, Ka sa kabarinta ya zama dausayin Aljanna. Ka ba Nasiru lafiya, Ka ɗauke masa wannan ciwo, Ka cire masa damuwata daga zuciyarsa, yaro ne. Ka tsare Malam a kan hanya, Ka riƙe masa idonsa. Duk uwa da uban da ke kwance yanzu kunnensu na kan numfashin ɗansu, Ka dube su. Ni kuma ya Rabbi, kafin zaren nan ya ƙare, Ka turo mini mutum guda wanda ba ya gudun yawun ɗana, ya karɓi bakin zaren na dare ɗaya. Amin.

Ki huta, Inna. Kin yi naki.

Ɗiyarki ta fari,
yarinyar nan.